Bishiyar da Aka Hana Barci

A wurin aiki Uwar Tsutsa suke ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don ba ƙarya suka yi ba. Shekara da shekaru aikinta ke nan a tashar binciken gandun daji: renon tsutsa. Mutum da hankalinsa da karatunsa ya tashi da sassafe, ya yi wanka, ya tafi ciyar da abin da kowa ke murjewa da takalmi! Dangin mijinta sun yi dariyar har sun gaji sun bari. Amma fa tsutsar ba ta wasa ba ce. Ita ce ke afka wa itatuwan katakon da aka shuka a gandun bayan gari, ta bar su tsirara ana tsakiyar damina. Uwarta faɗa-wuta ce, 'yar toka-tokan nan mai fukafukai da ke zagaya fitila, wadda in ka gan ta sai ka rantse ko ƙuda ba za ta iya cuta ba.

Ɗakin renon dogo ne, kantoci hagu da dama, an jera robobi masu murfin raga. Akwai ƙaramin sikeli a kan tebur, da buroshi mai laushi da take ɗaukar sababbin ƙyanƙyasa da shi, don yatsa kan murƙushe su. In aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, kana jin ƙarar cinsu, ƙus-ƙus-ƙus, daga farkon ɗakin har ƙarshe.

Duk abin da ta koya a ɗakin nan bai fi magana ɗaya ba, kuma ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗe ta. Tsutsar da aka ba toho mai laushi, na bishiyar da ta ƙoshi da ruwa da taki, nan da nan take yin ɓul-ɓul, ta nannaɗe kanta cikin ganye da wuri, ta fito ƙatuwar faɗa-wuta da ciki cike da ƙwai. Wadda aka ba tsohon ganye mai tauri kuwa, sai ta yi ta gwaguya tana ramewa, yawanci su mutu a hanya, wadda ta kai labari ta fito 'yar firit, ƙwan ma ba na a zo a gani ba. Saboda haka rani shi ne maganin gandun. Itatuwa su taurara ganye, su zubar, su yi abin da ma'aikata ke kira barci, yunwa ta yi wa ƙwarin kisan kiyashi kafin ruwa ya dawo. In masu gonakin itace suka zo neman shawara, takan ɗaga musu roba biyu, mai ƙiba da ramammiya, ta ce, “Kada ku shagwaɓa itace. In lokacin barcinsa ya yi, ku ƙyale shi ya yi abinsa.”

Da baki ai komai mai sauƙi ne.

Mijinta mai gyaran famfo ne, mutum mai surutu da barkwanci, irin wanda in ya shiga gida gyaran bututu sai an gama masa shayi an kuma ba shi labarin gidan kaf. 'Yarsu ɗaya tal. Tun tana rarrafe ya sa mata Cinnaka, don 'yar mitsitsiya ce ga cizo, da ta yi baki kuma cizon ya koma harshe. Shi ke nan sunan ya bi gidan: shi Baban Cinnaka, ita Maman Cinnaka, har maƙwabta suka manta da wani suna.

Wata rana, shekarar da Cinnaka ta shiga makaranta, uwar ta tafi da ita wurin aiki. A bayan ɗakin renon akwai tarin dashen itatuwan gandun da aka ware za a zubar, karkatattu da kanjamammu. Yarinya ta tsuguna ta zaɓo wadda ta fi kowacce muni, ta rungumo ta da baƙar ledarta, ƙasa duk ta ɓata mata riga.

“Wannan ba za ta yi ba, ajiye ta,” in ji uwar.

“Ni ma ai haka kika ce ba zan yi tsawo ba.”

To, me za ka ce wa mai irin wannan baki? Uban ya haƙa rami a tsakar gida, daura da tagar kicin, suka dasa ta su biyu suna gardamar wa ya fi zuba ƙasa. Bishiya kuwa ta ba maraɗa kunya. Ta miƙe, ta wuce katanga, ta wuce rufin ɗaki. Kowane rani ta zubar da ganyenta ta tsaya ƙwarangwal, Cinnaka ta share tana mita, da ruwan fari kuma ta sake yin kore shar. Ba mai ba ta ruwa, ba mai kula ta.

Sai ciwo ya kama Cinnaka. Ba zan tsaya ja muku labarin asibiti ba, wanda ya taɓa jinya ya sani, wanda bai taɓa ba Allah ya sa kada ya sani. Abin da ya fi ci wa uban rai shi ne abinci. Yarinya ta daina ci. Ya bar aiki ya zauna bakin gado da cokali, ya yi lallashi, ya yi wasa, ya yi fushin ƙarya, ya yi ta zaga kasuwa yana nemo duk abin da ta taɓa cewa tana so. Ta kalli cokalin ta kau da kai, wani lokaci ta ce, “Baba, ka yi haƙuri.” Ta rasu ana gab da ɗauke ruwa, ba ta kai nauyin jakar makarantarta ba.

Da 'yan zaman gaisuwa suka watse, gidan ya yi shiru irin wanda ke toshe kunne. Mai surutun nan ya zama bebe. Ya ma rasa sunan da zai kira matarsa da shi, don sunan nata da yarinyar a ciki. Sai dai “ke”, ko ya yi gyaran murya. Ita ma haka. In ya shigo falo ta tashi ta shiga kicin, ba don ƙi ba, sai don in ta dubi fuskarsa yarinyar take gani, hanci da goshi duka. Suna cin abinci kowa da lokacinsa, suna kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Rani ya shigo, bishiya ta fara yin rawaya kamar yadda ta saba. Ranar da ganyen farko ya faɗo, ya tsaya a kansa ya daɗe. Washegari da ta dawo daga aiki ta tarar ya fasa simintin tsakar gida, ya ja bututu daga babban famfo har gindin bishiyar, ya naɗa shi zobe, ya huhhuda shi da ƙusa, ruwa na ɗiga ɗis-ɗis ba dare ba rana. Aiki tsaf, ba yoyo ko ɗaya a mahaɗa, aikin gwani. Ga buhun takin zamani a jingine da bango.

Bishiya ta rikice. Maimakon ta kwanta, sai ta tofo. Duk unguwar ta bushe, itatuwan bakin titi sun yi furu-furu, gandun bayan gari ya zama sanduna, amma a tsakar gidansu ga toho jajaye-jajaye masu laushi kamar kunnen jariri. Maƙwabta har leƙowa suke yi suna cewa ma sha Allah.

A nan ne kuma bakinsa ya buɗe. Da yamma in ya dawo, sai ya ajiye jakar kayan aiki, ya jawo kujerar roba gindin bishiyar, ya taɓa ƙasa ya ji laima, ya fara magana. Da farko ƙasa-ƙasa. “Kin sha? Madalla. Haka nake so.” Daga baya ya koma ba da labari sosai: gidan da ya je ya tarar an toshe bututu da cokali, tsohon da ya rantse aljanu ne ke shanye masa ruwan tanki, yaron shagon da ya sayar masa da gam ɗin da ba ya kamawa. Har 'yar dariya yakan yi.

Ita kuwa tana kicin, wuƙa a hannu, albasa a faranti, ta ƙame a bakin taga ba ta ko motsi kada ya ji ya yi shiru. Wallahi duk yinin ranar wannan lokacin take jira. Muryar mijinta ce, wadda ta aura, ta dawo gida ta bayan fage. Takan yi kuka, amma kukan mai sauƙi ne, ba irin na asibiti ba. Ba ta taɓa fita ba. Gani take in ta fita ta ɓata.

Wata safiya tana shara ta ga ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a kan siminti. Wani zai ce ƙura ce ko iri. Ita da ta share irinsu daga gindin robobi shekara da shekaru ba ta bukatar a gaya mata: kashin tsutsa ne. Ta jawo reshe ta juya ganye. Ga ƙwai a manne, ga ƙananan tsutsotsi sun fara huda. Inna lillahi! A duk faɗin yankin, wannan ce kaɗai bishiyar da ke da abincin da suke so, kuma an dafa musu shi da ruwa da taki. Duk faɗa-wutar da yunwa ya kamata ta kashe ta sami gidan biki.

Ta san maganin tun tana tsaye a wurin da tsintsiya a hannu. A rufe ruwa, a ɗauke taki, a bar bishiya ta taurara ganye ta zubar ta kwanta. Magana ce da ta faɗa wa baƙi ba adadi. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ta ce a ranta bari zuwa jibi, yau ya tashi da ɗan walwala.

Jibin ba ta zo ba. Tsutsa ta yi ƙiba irin wadda ko a ɗakin reno ba ta taɓa gani ba, masu sheƙi, masu kauri kamar ɗan yatsa. Kafin ka ce kwabo sun mai da ganyen raga. Ranar ce ya fara yi mata magana mai tsawo, yana tsaye bakin ƙofar kicin yana kallon ƙasa.

“Ke da kika san su, babu magani ne?”

Ga ƙofa a buɗe, Allah ya kawo. Ta buɗe baki, ta dubi idonsa, sai ta ji kanta tana cewa, “Akwai na feshi. Zan zo da shi gobe.”

Ba ƙarya ta yi ba, rabin gaskiya ta ba shi, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya iya cuta. Ya hau tsani ya fesa, tsutsa ta zubo, ya share ya ji daɗi. Don bishiya ta farfaɗo kuma sai ya ƙara taki, ya ƙara buɗe ruwa. Ta sake tofowa, sabon toho wanda magani bai taɓa ba, sababbin faɗa-wuta suka zo suka zuba ƙwai, aka koma gidan jiya. An gudu ba a tsira ba. Kowane toho kuwa daga ajiyar da ke cikin saiwa bishiya ke ciro shi, ajiyar da ta tanada don damina. Uwar Tsutsa ta san wannan sarai. Tana ganin kowane sabon ganye ya fi na baya ƙanƙanta, tana ganin ƙananan rassan sama sun fara bushewa.

Sai ta shiga wani aikin wahala. Da zarar ya fita da safe, ta ɗauko tsaninsa ta hau, tana tsince tsutsa da hannu tana jefawa a bokitin ruwan sabulu, tana murje ƙwai da babban yatsa. Matar da ba ta taɓa makara ba ta zama kullum ita ce ta ƙarshen shiga. Iyakar inda hannunta ya kai ke nan, sama kuwa suna can suna shagalinsu. Haba baiwar Allah, ana kwashe ruwan kogi da ludayi? Ita ma ta san ba a yi. Amma da yamma in ta ji ya jawo kujera ya ce, “To, yau kin san inda na je?” sai ta ce bari dai gobe.

Shugaban sashensu, wanda kowa ke kira Dakta, dattijo ne mai sanƙo da ba ya raina ƙaramin abu. Yana da tarkuna masu fitila da ya rarrataye a wurare don ya san yawan ƙwarin. Wata rana ya shigo ɗakin reno da kwalba a hannu, ya ajiye mata a kan tebur.

“Uwar Tsutsa, dubi 'ya'yanki. A tsakiyar rani! Dubi cikin wannan, kamar matar attajiri.”

Ta duba. Ta san su kamar yadda uwa ta san nata.

“Daga tarkon da ke wajen unguwarku suke,” ya ce. “Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wanda ke shagwaɓa bishiya a can, yana yi mana kiwonsu. In suka kai damina da wannan ƙiba, dashen da muka yi bara ko ɗaya ba zai kai labari ba. Zan tura mutane su bi gida-gida. Ke ba ki lura da komai ba?”

“Zan duba, ranka ya daɗe.”

Ya tsaya yana kallonta ta saman tabarau. Ya san abin da ya same ta, har gida ya je gaisuwa, kuma ya zauna a inuwar wata bishiya a tsakar gidan. Bai ƙara cewa komai ba sai, “To, ki duba ɗin. Sai mako mai zuwa zan tura su.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ya ji daga bakinta da ya ji daga bakin baƙi masu riga iri ɗaya. Da yamma ya jawo kujerarsa, bai kai ga zama ba ta fito. Ya dube ta da mamaki, don rabon da ta tako wurin yana nan tun kafin rasuwar.

“Maigida, magana nake so mu yi.”

Ta faɗa masa duka, dalla-dalla, yadda take faɗa wa masu gonaki. Ruwan nan da takin nan su ke kiran tsutsa. Ganye mai laushi shi ne abincinsu. Bishiyar ta gaji, tana bukatar ta kwanta. A rufe famfo.

Ya dubi bututun, ya dube ta.

“In hana ta ruwa.”

“Na ɗan lokaci ne. Har damina.”

“In hana ta abinci. Ni.” Ya nuna ƙirjinsa. “Kin san abin da kike faɗa kuwa? Waccan na ba ta, na roƙe ta, na durƙusa mata, ta ƙi karɓa. Wannan ina ba ta tana karɓa. Tana karɓa! Ki ce in tsaya ina kallo ta rame ta zube, ina da ruwa a hannuna?”

“Ba ramewa ba ce, barci ne. Kowace shekara tana yi, kai ma ka sani.”

“Haka suka ce mini a asibiti. Barci take yi.”

Wannan ta soke ta har ƙashi. Ta dafa bango. Ta so ta ce ita ma 'yarta ce, ita ta ɗauki cikinta, ita ma tana tsaye a wurin aka faɗi wannan kalma. Ba ta ce ba. Ta ce, “In ba ka rufe ba za ta mutu. Wallahi za ta mutu.”

Ya ɗauki jakarsa ya shige ɗaki. Ranar ba a yi hira a gindin bishiya ba, washegari ma haka. Ruwa dai na ta ɗiga. Ana jibi mutanen Dakta za su fara zagaye, ta dawo daga aiki ta tarar da shi a tsugune da sifana. Bai rufe kan famfon kawai ba, don ya san halin hannunsa, zai koma ya buɗe. Yanke bututun ya yi daga tushe, ya ɗaura masa toshi, ya shafe da gam. Ya kinkimi ragowar takin ya kai wa mai lambun bakin titi. Da ya dawo ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa.

Daga nan sai jira. Ƙasa ta bushe ta tsattsage. 'Yan ganyen da suka rage suka taurara, tsutsa ta yi ta gwaguya tana ramewa tana faɗowa, daidai yadda take yi a robobin ɗakin reno. Ko nan Uwar Tsutsa ba ta ji daɗin cewa ilminta ya yi gaskiya ba. Bishiya ta zubar da komai ta tsaya ƙwarangwal. Tarkon Dakta ya koma kama 'yan tsiraru, shi kuwa Dakta ya wuce ta a barandar ofis ya gyaɗa mata kai kawai. Kujerar roba na jingine a bango ta yi ƙura. Gidan ya koma shirunsa na da, har ya fi, don yanzu ta san abin da ta rasa. Mai barci da matacce kuwa a ido duk ɗaya suke, ba mai rabe su sai ruwan sama.

Ruwa ya zo da ƙarfinsa. Cikin 'yan kwanaki itatuwan bakin titi suka tofo, ciyawa ta fito har a tsagar siminti, gandun bayan gari ya yi kore. Kowace safiya shi ya fito ya ɗaga kai, ita ta fito bayansa ta ɗaga kai, ba mai ce wa wani komai. Aka sake yin ruwa, aka kuma. Ta ce wa kanta ai wadda ta wahala takan makara.

Wata safiyar hutu, an kwana ana yayyafi, ta kasa daurewa. Ta jawo ƙaramin reshe ta lanƙwasa, ya karye ƙaras. Ta kankare ɓawon babban reshe da farce, tana neman koren nan mai laima da ke ƙarƙashi. Launin ruwan ƙasa ta gani, busasshe. Ta ɗauko wuƙa daga kicin ta kankara a jikin kututturen daidai ƙirjinta. Haka. Daidai gwiwa. Haka. Ta durƙusa ta tone ƙasa da hannu ta kankara a gindi, can inda saiwa ta fara, ɓawon ya saɓule mata a hannu yana warin ruɓa.

Ashe yana tsaye a bayanta.

“Ta tafi ko?”

Ta gyaɗa kai.

Ya zo ya dafa kututturen. “Zan tambaye ki, kuma kada ki lallashe ni. An lallashe ni ya isa. Ruwan da na ba ta ne, ko wanda na hana ta?”

Da ta ce ciwon saiwa ne, ko ta ce Allah kaɗai ya sani, da ya karɓa, don ba shi da yadda zai gane. Amma ta gaji da rabin gaskiya.

“Wanda ka ba ta ne. Ta yi ta toho ana cinyewa har abin da ke cikinta ya ƙare.”

“Da na rufe da wuri fa?”

“Da ta tashi.”

“Ke yaushe kika gane?”

“Tun tohon farko.”

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. “Ni da rashin sani na yi. Ke kina gani, kina da sani, kika bar ni ina ɗura mata. Don me? Me na yi miki?”

“Don muryarka!” Maganar ta fito da kuka, ba ta ma san za ta fito ba. “A nan kaɗai kake magana. Ina tsayawa a taga ina ji. Ba ni da 'ya, ba ni da miji, sai wannan ɗan lokacin na yamma. Na san in ka rufe famfon za ka yi shiru, kuma ka yi. Na ce bari gobe, bari gobe. Ni ma ina sonta, wallahi ina sonta, Cinnaka ce ta zaɓo ta da hannunta. Amma na kasa.”

Ya saki kututturen a hankali.

“Da farko da ita nake,” ya ce. “Daga baya na ga inuwarki a labule. Kina zaton bishiya ce ke son labarin mai tanki da aljanu? Ke nake ba. Kullum ina ɗaga murya ina cewa yau za ta fito, yau za ta jawo kujera. Na ɗauka ganina ne ba kya so.”

Ta dube shi, ta dubi tagar. Ko taku biyar ba su kai ba. Ta zauna daɓas a cikin taɓo, wuƙar na hannunta, ta fashe da irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka fita da yarinyar. Ya ce ta tashi, ƙasa a jiƙe take. Ya sake faɗa. Da ya ga ba za ta iya ba, sai shi ma ya zauna.